Idan dam ya fashe, ruwan zai iso Fanshekara?

Tambaya: Wani magidanci da ya sayi fili a bayan Fanshekara, ba nisa da kogin Challawa, ya ce duk shekara da Agusta ta kama sai saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp, wai dam ɗin Tiga ya tsage, ko wai an buɗe shi, kowa ya yi ta kansa. Tun da ya ga abin da ya sami Maiduguri hankalinsa bai kwanta ba. Yana so ya san yadda masana ke gane lafiyar dam, kuma ko ya ci gaba da gininsa ko ya dakata.

Amsa: Malam, kafin mu kai ga tsagewa ko buɗewa, dam ɗin da ke saman koginku ba Tiga ba ne. Tiga yana kan kogin Kano, can kudu, wajen kilomita 70 daga birni. Ruwansa yana gangarowa ta ƙasar Bebeji da Garun Malam da Kura, ya bi ta ƙarƙashin gadar Ciromawa, sai a yankin Tamburawa yake haɗuwa da kogin Challawa, su zama ɗaya su nufi Wudil da Ringim da Haɗeja. Wanda ke samanka shi ne dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, da aka kammala a 1992, mai tsayin mita 42, wanda ke ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Sai Watari na Bagwai, wanda koginsa ke ratsa titin Gwarzo ta yammacin birni kafin ya faɗa Challawa, da ƙanana irin su Magaga da Guzuguzu. Lafiyar waɗannan ya kamata ka fi tambaya. Ba wai an cire Tiga daga lissafinku ba ne. Mahaɗar ba ta da nisa da ku, kuma in kogin Kano ya cika maƙil, ruwan Challawa ba ya samun hanyar wucewa, sai ya tokare ya riƙa komowa baya yana bazuwa cikin fadama.

Abin da ya sa Maiduguri ta sha wuya haka a daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumba 2024 shi ne yadda garin yake zaune. Dam ɗin Alau da ya fashe yana kan kogin Ngadda, kogin ta tsakiyar gari ya ratsa, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan da ya ƙwace ba inda zai nufa sai unguwanni. Kano ba haka take ba. Tsohon birni da Fagge da Sabon Gari da Nasarawa suna kan tudu, Challawa ya zagaya ta kudu ya bar su. Rafin da ya ratsa birni shi ne Jakara, dam ɗinsa kuwa yana Wasai, a ƙasan gari ta arewa maso gabas, ruwan da ya riga ya bar mu yake tarewa. Ruwan da ya shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ya jiƙe atamfofi da shaddoji ba dam ne ya aiko shi ba. Namu ne na gida: kududdufan da aka cike aka yanka filaye, shaguna a kan magudanai, leda da robobi a kwalbati. Waɗanda fashewar dam za ta shafa kai tsaye su ne na bakin kogi, gefen Madobi da Fanshekara da Kumbotso da Tamburawa har Wudil. Mu na cikin gari ta famfo da ta hanya za ta same mu, tunda matatun ruwa na Challawa da na Tamburawa a bakin kogin suke, gadar Tamburawa kuma ita ce ƙofarmu zuwa Zariya da Kaduna.

In aka ba mu aikin tantance dam, tambaya biyu muke riƙewa, kuma ba ma bari ɗaya ta shige cikin ɗaya. Ta farko, yaya jikinsa yake, me zai iya karya shi? Ta biyu, in ya karye, wa ke kwance a ƙasansa? Dam na iya zama garau, sabo fil, a rubuta shi cikin masu babban haɗari don akwai gari a ƙasansa. Wani kuma ya lalace yana yoyo ta ko'ina, a sa shi a ƙaramin aji don ba komai a ƙasansa sai gonakin dawa. Sau da yawa wani yakan ga takarda an rubuta babban haɗari, ya watsa cewa dam na dab da fashewa, alhali takardar ba a kan jikinsa take magana ba.

Mu fara da jikin. Kusan duk madatsunmu, tun waɗanda aka faro zamanin Audu Bako, da ƙasa aka yi su. Yumɓu a tsakiya don tare ruwa, jar ƙasa da tsakuwa gefe da gefe don nauyi, a daddale da manyan injina hawa-hawa, sannan a shimfiɗa duwatsu ta fuskar tafki don kada igiyar ruwa ta ci shi. Irin wannan gini yana ɗaukar nauyin ruwa shekara da shekaru, amma ba ya jure ruwa ya bi ta kansa. Da zarar ya haura ya fara zuba ta baya, zaizaya yake farawa, cikin 'yan sa'o'i a ga giɓi. Shi ya sa ake yanka masa makwarara, ta kankare ko a cikin dutse, ƙasa da kan dam ɗin da 'yan mitoci, inda rarar ruwa za ta bi ta fita. Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san wannan. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, in ka ga indararo yana feshi, soron lafiyarsa ƙalau. Ranar da indararo ya toshe ruwa ya kwanta a bisa, ranar azara ke faɗowa. Bidiyon da ake turo muku na ruwa fari fat yana tafasa yana zuba daga Tiga, yawanci makwararar ce take aikinta. Ba ta ma da ƙofa, balle wani ya tashi da dare ya buɗe, ruwa na kaiwa bakinta yake zuba da kansa. Ƙofofin da ma'aikata ke juyawa na noman rani ne da na ruwan sha, abin da suke fitarwa ba abin a zo a gani ba ne in aka gwada da ambaliya. Ban ce mutanen Warawa da Ringim da Auyo ba sa cutuwa in dam ya yi amai ba. Suna cutuwa, an gani a 2001, an gani a 2010. Amma tumbatsa daban, fashewa daban, shirin da ake yi wa kowacce ma daban.

Babbar tambaya ita ce ko makwararar ta isa ta kwashe ruwa mafi muni da zai iya zuwa. Ga lissafin a sauƙaƙe. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in kilomita 1, lita miliyan guda ne. Yankin da ke zuba ruwansa cikin Tiga, tun daga duwatsun Riruwai da dajin Falgore, ya haura murabba'in kilomita 6,000. In aka yi milimita 50 a duk faɗin nan cikin dare ɗaya, kubik mita miliyan 300 ne ya sauka, kubik mita ɗaya kuwa jarka 40 ce ta 'yan garuwa. A watan Yuni ƙasa tana da ƙishi, za ta shanye mafi yawansa. A ƙarshen Agusta ta riga ta ƙoshi, abin da ya sauka gangarowa yake. Awon ruwan sama na Kano ya faro tun 1905, amma na koguna bai daɗe ba, saboda haka waɗanda suka zana madatsun nan da bayanan 'yan shekaru suka yi aiki. Tun daga shekarun 1980 kuma bincike ya nuna hadari mai zubar da ruwa da yawa lokaci guda ya ƙaru a yankin Sahel. Ga daji da aka sassare ya zama gona, wanda ke sa ruwa ya iso da sauri, ga laka da yashi da suka kwanta a gindin tafki suka cinye wuri. Lissafin da aka yi shekara hamsin da suka wuce dole a sake shi da bayanan yau, kuma wannan shi ne ɓangaren tantancewa da ido ba ya iyawa, sai takarda da kwamfuta.

Kano ta taɓa ɗanɗana abin. A Agustan 1988, bayan kwanaki ana tafka ruwa, dam ɗin Bagauda ya ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Bagauda ƙarami ne ainun in aka ajiye shi kusa da Tiga, wanda aka kammala a 1974 da ikon ɗaukar kusan kubik mita biliyan 2. Bayan nan aka waiwayi Tiga, a 1992 aka rage tsayin makwararsa da mita uku da rabi, aka haƙura da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da yake tarawa, don nauyin da ke kan jikinsa ya ragu, tazarar da ke tsakanin ruwa da kan dam ta ƙaru. A wurina wannan yana cikin matakai mafi nauyi da aka taɓa ɗauka kan lafiyar dam a jihar nan, don ba ƙaramin abu ba ne a zubar da ruwan noman rani da gangan saboda masifar da ba ta zo ba.

Hanya ta biyu da dam ɗin ƙasa ke mutuwa ita ce wadda na fi tsoro, don ba ta jiran damina. Kowane dam na ƙasa yana naso. Ruwa yana ratsa shi a hankali, masu zane sun san da haka, shi ya sa suke binne matata ta yashi da tsakuwa a bayan yumɓun, ta bar ruwa ya wuce ta riƙe ƙasa, ya fito ta magudana a gindin dam garai-garai. Wannan ba laifi. Matsala tana farawa ranar da ruwan ya sami ɓarauniyar hanya ya fara fita da ƙasa. Ƙwayar ƙasa ta bi ta, hanyar ta ɗan faɗaɗa, ruwa ya ƙaru, ya ƙara kwasar ƙasa, ramin yana cin baya-baya daga gindin dam zuwa tafki, a sama kuwa mutane na wucewa da babura ba su san komai ba. Dam ɗin Teton na Amurka haka ya tafi a watan Yunin 1976, rana tana haske, a cikarsa ta farko. Da safe aka ga ruwa mai laka yana ɓulɓulowa, kafin azahar dam ɗin ya rabe, mutum 11 suka rasu. Haurawar ruwa ta sama da wannan cin ciki su ne suka karya mafi yawan madatsun ƙasa a duniya.

Saboda haka in na je duba dam, ba ta wurin tafki nake farawa ba, inda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Baya nake sauka, gindin dam, da sassafe, kuma na fi son rani, lokacin da ciyawa ta bushe. A irin wannan lokaci duk inda ka hango tsanwa shar a tsakiyar busasshiyar ciyawa, ko kacala ta tsiro a jikin gangare, akwai ruwa a ƙarƙashi. Ina tafe da kofin gilashi. In na tarar da tsattsafo, sai in cika kofin in ɗora a kan dutse in ba shi 'yan mintoci. In ya zauna garau, in rubuta yawansa in wuce. In na ga ja ko fari ya kwanta a gindin kofin, to ruwa ba ya tsami banza, jikin dam ɗin ne yake fitowa. Wani lokaci ma ba sai da kofi ba, za ka ga 'yar tsibin lallausan yashi ta zagaye bakin idon ruwan. A wani ƙaramin dam da ke yammacin jihar nan na tarar da abubuwa uku a fili ɗaya. Shuri ya kai ƙirji a tsakiyar gangare, gara ta yi gidaje a cikin jikin dam. Darbejiya ta girma har mutane na hutawa a inuwarta. A bakin makwarara kuma manoma sun jera buhunan ƙasa hawa uku, don dam ya ƙara riƙe musu ruwan tumatir da albasa. Ba mugunta ce ta sa su ba, neman abinci ne, amma buhunan nan sun cinye rabin tazarar da mai zane ya bari don mummunan dare. Ita bishiyar ma ba a sare ta kawai a tafi, don saiwar tana ruɓewa ta bar rami dogo har ciki. Tono ta ake yi, a cike gurbin da yumɓu, a daddale.

A saman dam kuma ina duba tsaga. Wadda ta bi tsawon dam tana nuna gangaren na son zamewa. Wadda ta gitta shi daga fuskar ruwa zuwa baya ta fi muni, don hanya ce a buɗe da zarar ruwa ya hau. Ina duba inda ƙasa ta lotsa, da turakun da suka karkace, da burtalin da shanu suka sassaƙe a jikin gangare, da ramukan gafiya, da gefen bututun da ya ratsa dam, don mahaɗar ƙasa da kankare nan ruwa ya fi so. Kuma ba na barin wurin sai na zauna da maigadi ko tsohon masunci. Shi zai ce maka wannan danshin tun yana saurayi yake nan, wancan kuwa bara ya fito. Na bara shi ne abin bi.

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Manyan madatsu suna da bututan awo da aka binne a jikinsu masu nuna inda ruwa ya kai a ciki, da ƙananan ma'aunai masu baki kamar harafin V a magudanan gindi, da turakun siminti da safiyo ke aunawa don a ga ko dam ya nutsa. Amfaninsu yana cikin littafi. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai, sai an jera ta da ta bara da ta bara waccan a daidai tsayin ruwa iri ɗaya. In tafki bai ƙaru ba amma naso ya ninka, akwai magana. In naso ya ɗauke farat ɗaya ma akwai magana, don wataƙila matata ce ta toshe ruwa yana taruwa a ciki. Inda aka sace murfin bututu yara suka cika shi da tsakuwa, ko littafin ya yi shekaru ba a rubuta komai ba, dam ɗin ya zama marar lafiyar da ba a auna shi. Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, suna da ma'aikata a wurin, kuma shirin bunƙasa noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa ya haɗa da aikin gyara da lafiyarsu. Mafi yawan ƙananan na jiha ne, sun bazu a ƙauyuka, idon jama'a ba ya kansu. In ana maganar wanda ya fi yiwuwa ya ba da matsala, ƙananan nake fara kallo. In ana maganar wanda ɓarnarsa za ta fi yawa, manyan ne.

Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Madatsunmu ba don tare ambaliya aka gina su tun asali ba, don noman rani ne da ruwan sha. Suna rage kaifin ambaliya, gaskiya ne, amma buƙatun biyu kishiyoyi ne. Manomin Kadawa da mai famfo a Gwale suna so dam ya cika fal kafin damina ta ɗauke. Mai gida a bakin kogi yana so a bar masa wuri fanko a Agusta wanda zai haɗiye ruwan dare ɗaya. Dam ɗin da ya riga ya cika ba abin da zai yi wa na ƙasa sai ɗan jinkirta ruwan. Masu cewa ai da an ga hadari sai a rage ruwan, ga abin da ke gabansu. A ɗauka tafki mai faɗin murabba'in kilomita 150, ana so a sauke shi da mita ɗaya tak, kubik mita miliyan 150 ke nan. In ƙofofinsa na fitar da kubik mita 50 a daƙiƙa, sai an haura wata guda, wannan ma in ba ɗigon da ke shigowa. Shawarar Agusta tun a Mayu da Yuni ake yanke ta, da hasashen damina na hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, da na ambaliya na hukumar da ke awon ruwan koguna, NIHSA, a gaba, kuma duk wanda ya yanke ta zai sha zagi daga ɓangare ɗaya.

Tambaya ta biyu, wa ke ƙasa, ita ta shafi filinka. A kwamfuta ake fasa dam ɗin, sau biyu aƙalla: a rana tsaka yana cike ba ruwan sama, da kuma a tsakiyar babbar ambaliya. A ɗora sakamakon a kan taswirar tudu da kwarin ƙasa, a fitar da abu uku ga kowane gari: ina ruwan zai kai, zurfinsa da gudunsa nawa, kuma bayan awa nawa zai iso. Gudun ya fi zurfin kisa. Ruwa mai gudu da bai wuce ƙwauri ba yana kayar da babban mutum, in ya kai gwiwa yana ɗaga ƙaramar mota. Ginin ƙasa kuwa ko ruwan ba ya gudu, ya kwana biyu a gindinsa ya isa. Daga nan a ƙirga gidaje, makarantun allo da na boko, asibiti, gadoji, matatar ruwa. A ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi, in har ana ganin rai ko da ɗaya zai salwanta, dam ya shiga aji mafi girma, kuma makwararsa dole ta iya kwashe ambaliya mafi girma da lissafi ya nuna za ta yiwu a wurin. Abin da ke damuna shi ne ajin dam yana hawa ko ba a taɓa dam ɗin ba. Wurin da yake fadamar rake da lambun kayan miya lokacin da aka gina Challawa, yau fulotai ne, an ja layi an kafa duwatsu, birni yana ta gangarawa kudu da yamma. Kowane gida da aka dasa a hanyar ruwa ya ƙara wa dam ɗin da ke Ƙaraye nauyin da ba a zana shi da shi ba. Masu tifa da ke kwasar yashi a cikin kogi su ma suna sauya hanyar ruwa, suna sa gaɓa ta riƙa zubewa.

Za ka ji dillali ko wani mai ilimi ya ce ai irin wannan ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara ɗari. Ma'anarsa a lissafi ita ce kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, ko an yi bara ko ba a yi ba. Wanda zai zauna a gida shekara 30, yiwuwar ya gamu da shi ta kai kashi 26 cikin 100. Ɗaya cikin huɗu ke nan, ba ƙarami ba ne ga mai iyali.

Duk taswirar nan banza ce in tana kulle a durowa. A Darna ta Libiya, a Satumban 2023, madatsu biyu na shekarun 1970 suka fashe da tsakar dare, sama da mutum 4,000 aka tabbatar sun rasu, dubbai suka ɓace, alhali wani malamin jami'a a ƙasar ya yi gargaɗi a rubuce tun 2022. A dam ɗin Orobil na Amurka, a Fabrairun 2017, makwarara ta farfashe, cikin yini guda aka kwashe sama da mutum 180,000, don an riga an san wa zai ba da umarni. Namu tsarin ba sai an ƙirƙiro sabo ba. Daga injiniyan da ke kan dam zuwa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, da ƙaramar hukuma, zuwa hakimi da dagaci da mai unguwa, zuwa lasifikar masallaci da gidajen rediyo, waɗanda Kano ba ta rasa su ba. Abin da ake bukata shi ne a rubuta wane tsayin ruwa ne ke sa a kira wa, lambar wa, in bai ɗauka ba sai wa, kuma a gwada ko sau ɗaya ne a shekara kafin damina ta nutsa. Ku da ke bakin kogi kuna da hakkin ku je ta hannun mai unguwa ko kansila ku tambayi abu uku: yaushe aka yi wa dam ɗin da ke samanku cikakken bincike na ƙarshe, unguwarku tana cikin taswirar ruwa ko ba ta ciki, kuma wa zai sanar da ku in abu ya taso da dare. Ku rubuta takarda ku sa hannu da yawa, ta fi zuwan mutum ɗaya tasiri.

Game da ginin, Malam, ruwan da ya fi yiwuwa ya shigo maka ba na fashewa ba ne, na cikar kogi ne a shekara mai ruwa. Kada ka yanke hukunci a watan Maris, lokacin da Challawa ya zama yashi yara na ƙwallo a ciki. Je ka filin a ƙarshen Agusta, washegarin babban ruwa. Duba jikin tsofaffin bishiyoyi da katangu, ruwa yana barin zane, yana kuma rataye ciyawa da leda a rassa daidai inda ya kai. Duba ƙasar: in baƙa ce mai danƙo tana tsagewa da rani, ko lallausan yashi ne shimfiɗe, kogi ya saba kwana a nan. Nemi dattijon da ya noma wurin kafin a yanka shi, ka tambaye shi inda ruwa ya tsaya a 1988 da 2001, ba wanda ya sayar maka ba. Sannan ka biya safiyo ya auna maka tsayin filin a kan wannan alamar. In filin ya ɗara alamar da mita biyu ko fiye, kuma akwai hanyar fita zuwa tudu wadda ba ta bi ta kwari ko ƙaramar kwalbati ba, ci gaba da gininka, ka ɗaga harsashi, ka sa bulo da siminti a ƙasa, ka ɗaga bakin rijiya da na masai don kada su haɗu ranar da ruwa ya kwanta. In kuwa yana ƙasa da alamar, ɗaga harsashi ba zai fisshe ka ba, don ko ɗakinka bai jiƙe ba, hanyar asibiti da ta makarantar yara za ta yanke. Irin wannan fili lambu ya dace da shi, kuma bai halatta ka miƙa wa wani shi da sunan wurin gida ba tare da ka gaya masa abin da ka gano ba.